Shekarar Da Na Shayar Da Siminti

Har yau idan na ji wani magini yana ƙorafi wai famfo ba ya kawo ruwa da ƙarfi, sai in ji raina ya ɓaci. Kai, rufe mini baki! Ni na yi aikin siminti a shekarar da jakuna ke lasar gindin tano, wato gangar ruwa, don su ji danshi, kuma aikin da na yi ɗin ba rijiya ba ce, ba asibiti ba ne, wurin iyo ne.

Fisin muke ce masa. Wani ƙaton rami ne mai kusurwa huɗu a bayan kampama, masaukin baƙin gwamnati, a Tasawa, Nasara suka daɓe shi da siminti don su riƙa faɗawa ruwa idan zafi ya ishe su. Da suka tafi ya zama na gari, gari kuwa bai san abin da zai yi da shi ba. Ni dai tun da na san shi babu kome a ciki sai kashin awaki da ƙadangaru. Saiwar wani itacen bedi ta bi ta ƙarƙashi ta tsaga shi tun daga wancan bango har wannan.

Mulkin soja ake. Damina ta ƙi, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, mutanen ƙauye sun cika bakin tasha da tabarminsu. A cikin wannan hali sufurefe, shugaban gundumarmu, wanda shi ma mai kaki ne, ya aika aka kira ni biro, wato ofishinsa. Ya ce baƙi na nan zuwa, Turawan da ke kawo taimakon abinci, kuma ba zai yiwu su tarar da fisin ɗin gari ya zama juji ba. A gyara. Wa ya isa ya ce a'a a lokacin? Ba zan yi ƙarya ba kuma, na ji daɗi, don da jar dawar taimako za a biya mu, gidanmu kuwa rumbu ya daɗe da zama fanko.

Ni kaɗai nake zaune a ɗakin haya. Matata ta kwashi yara sun tafi wajen danginta can ƙetaren iyaka, inda aka ce akwai ɗan dama-dama. Mahaifina yana ƙauyenmu, Baudeta. Mahaƙin rijiya ne shi, ya yi rayuwarsa duka a cikin rami yana neman ruwa wa mutane, har ƙugunsa ya ƙi miƙewa. Ni ne ɗan farinsa, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa zama ya yi hira da ni ba. “Kai” ne sunana a bakinsa, in ya yi nisa “yaron nan”. Amma abu guda yake mini. Duk ginin da na gama, ko da ɗakin kaji ne, sai ya hau jaki ya zo, ya ɗora tafinsa a jikin bangon ya yi addu'a. Wannan addu'ar ita ce duk maganar da ke tsakanina da shi, kuma wallahi saboda ita nake gyara kusurwa har sai ta miƙe.

Muka shiga aiki. Muka kwashe juji, muka sare saiwar, muka bi tsagar da guduma muna faɗaɗa ta don sabon siminti ya sami wurin kamawa. Rana na dukan ramin nan tana dawo maka a fuska. Ban damu ba, aiki na sani. Muka kwaɓa, muka cike, muka shafe bango da ƙasa sumul.

Matsalar ta zo ne bayan shafe. Sabon siminti shan ruwa yake. In ba ka jiƙa shi safe da yamma ba har ya kama jikinsa, rana za ta fasa shi ka koma inda ka fito. Leburori sun gama nasu an sallame su, aka bar ni da shayarwa. Kullum sai in ɗora tano a amalanke, gardi guda, ɗan tsaron hukuma, yana biye da ni, mu nufi famfon gari. Mata na nan jere da tuluna tun daga bakin famfo har bayan masallaci, wasu da goyo, su da suka zo tun ban tashi ba. Gardi ya ce a matsa, a matsa. In cika tano a gabansu, in je in shimfiɗa buhuna a kan siminti in kwarara.

Ba wadda ta zage ni. Da ma sun zage ni ɗin, da ya fi sauƙi. Gaisuwa kawai suka daina amsawa. Sai wata tsohuwa mai tallan ƙuli, wadda ta san gidanmu, ita ce ke ɗaga murya in na wuce.

“Gaishe ka, ɗan mai rijiya! Ya mai jikin? Ya dai sha da kyau ko? Ka ce muna duba shi!”

Mata su kwashe da dariya, ni kuwa in sunkuyar da kai in kora jaki. A masallaci ana ba ni hannu, amma ana sallamewa kowa ya juya ga na kusa da shi. Majalisar da nake shan shayi, in na zo sai hira ta koma ta farashin dusa. Na daina zuwa. Na koma cin tuwona a bakin ramin, ƙafafuna na lilo a ciki, ina kallon buhuna suna bushewa. Kaɗaici ya ci ni a watannin nan, irin wanda har ka riƙa yi wa jaki magana.

Dawar da ake ba ni, maƙwabcinmu na ƙauye mai amalanke nake ba wa ranar kasuwa ya kai gida. In ya dawo sai in tare shi.

“Baba bai ce kome ba?”

“Ya ce an gode.”

Kullum haka. Sau ɗaya ne ya ƙara da cewa, “Ya tambaye ni, wai da gaske ne ruwa kake ba siminti?” Na ce me ka ce masa? Ya ce, “To mi zan ce? Na ce haka mutane ke faɗi.” Ranar ban iya cin abinci ba.

Siminti ya kama, muka shafa masa shuɗin fenti. Aka turo motocin siterni masu tankin ruwa suka yi ta juye ruwa har ya cika ya batse. Wani ma'aikaci ya zo da jarkokin zabel, maganin nan mai warin asibiti da ake wanke tufa da shi, ya tuttula a ciki don kada ruwan ya yi kore. Na tsaya ina kallo. Allah ya sani ya yi kyau. Babu ɗigo guda da ke zurarewa. Sai zuciyata ta ce mini, mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana bin ruwa da guga-guga a ƙarƙashin ƙasa, in ya ga wannan, ai zai san ɗansa ya iya riƙe ruwa. Na roƙi maƙwabcinmu ya ɗauko mini shi kafin baƙi su iso.

Ya zo da hantsi, a kan amalanke, don ba shi da jaki kuma, yunwa ta kashe. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri kamar yadda ya saba. Gardi ya buɗe mana ƙofar waya muka shiga.

Ya daɗe a tsaye. Ina jira ya nemi bango ya ɗora tafinsa, har na matsa gefe don ya ga inda ya fi santsi. Ashe shi ba gini yake gani ba. Mahaƙa rijiya suna da al'adarsu: in aka cim ma sabon ruwa, babba a cikinsu ne ke fara durƙusawa ya kamfata ya sha, ya ji ko na daɗi ne ko na kanwa, sannan ya yi addu'a ga duk bakin da zai sha bayansa, mutum da dabba. Sai kawai na ga ya tuɓe takalmi, ya dafa ƙasa, ya durƙusa da ƙyar a bakin fisin, ya haɗa tafuka biyu.

Na buɗe baki. To me zan ce? Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ban taɓa riƙe hannunsa ba tun da na yi wayo. Kafin in gama neman kalmar da ɗan fari zai iya tsayar da ubansa da ita, ya kai baki.

Na ga fuskarsa ta yamutse, idanunsa suka kawo ruwa. Gardi ya ce, “Baba, tofar, tofar, da magani a ciki!” Bai tofar ba. Ya riƙe shi a baki, ya haɗiye, ragowar da ke tafinsa ya mai da ita cikin fisin a hankali, ko ɗigo bai bari ya faɗi a ƙasa ba. Ya yi tari har sai da maƙwabcinmu ya dafa bayansa.

Da numfashinsa ya dawo sai ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

“Kai, wanga ruwa wa zai sha shi?”

Na ce, “Ba a sha, Baba. Wanka ake a ciki.”

“Dabba fa?”

“Ba a barinsu su shigo.”

Ya gyaɗa kai. Ya sake duban ruwan daga wannan bango zuwa wancan. Ina tsaye hannuwana a buɗe, na riga na ɗaga su don in shafa addu'a, ban ma san na ɗaga ba. Na jira, wallahi na jira.

Ya ce, “Ba ya yoyo. Ka iya aiki.”

Ya miƙa wa maƙwabcinmu hannu ya tashe shi, ya sa takalminsa, ya ce a kai shi gida tun rana ba ta yi zafi ba. Na raka su har bakin hanyar Baudeta ina tafe a gefen amalanke, ko zai tuna ya ce a tsaya. Da muka kai inda rairayi ya fara sai ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, “Koma, kada a shigar maka ruwa.”