Agarar Mama da rawar bikina

Mama ta yi aikin buga tafireta a ofis tun kafin a haife ni, kuma ban taɓa ganin ta fita ba takalmi mai tsini ba. A rairayin unguwar Moduganari ma haka take tafiya, tsini na nutsewa tana zaro shi, kai a sama. Gajera ce, amma ba wanda ya isa ya faɗa a gabanta.

Da ta yi ritaya sai ta rarraba takalman kaf ga 'ya'yan dangi, ta sayi silifa, wai ƙafarta za ta huta. Ina fa hutu! Ziyarar da aiki ya hana ta shekara da shekaru ta ɗauko. Yau dubiya a Mafoni, gobe gaisuwar rasuwa, duk a ƙasa, wai hawa keke Napep na ragwaye ne.

Ana saura 'yan makonni bikina agararta ta hagu ta kumbura, jijiyar nan ta bayan dunduniya. Da safe sai ta dafa bango kafin ta taka. Likita ya ce tsinin takalmi ya gajarta jijiyar, ita kuma ta miƙe ta da ƙarfin tsiya. Ya ce ta huta, ta sa takalmi mai ɗan tudu, rawa kuwa babu.

Kullum da yamma ina shafa mata man zafi a gindin dalbejiyar gidanmu, tana mita, ina dariya. Har yau ina kewar yammacin nan.

A cocinmu uwar amarya ce ke shigar da 'yarta da rawa, matan zumunta na biye suna kaɗa tulu. Ni kaɗai ce 'yarta mace.

Na ce, "Mama, ki zauna a kujera, Goggo ta shigar da ni."

Ta ce, "Goggonki ce ta haife ki?"

Ranar biki, a bakin ƙofar coci, ta saƙala hannunta cikin nawa. Muka shiga a hankali, kafaɗunta kaɗai ke rawa. Mata na guɗa, ana cewa dubi uwa ta kasa sakin 'yarta. Ni kuwa nauyinta duka a hannuna yake, duk takun ƙafar hagu sai yatsunta sun matse ni.

Ta raɗa mini, "Yi murmushi, 'yar nan. Kar ki sake ni sai mun kai gaba."