Fushin Ba Naka Ba Ne, Baba Ɗanlahadi

Shekara huɗu ke nan rabona da Damari. Ina Fatakwal wurin gadin shago 'yarka Hajaratu ta kira ni ranar Laraba, sha biyu ga Yuli, ta ce ka cika bayan Azahar. Na Allah muke, wurinSa muka nufa. Ban samu jana'izarka ba, Baba.

Kai ƙanin mahaifina ne, kuma kai ka riƙe ni. Na san ka mutumin da shanun wani za su shiga mishi dawa, ya kora su har gidan mai su, ya tsaya a gaisa.

Sai ƙari ya fito maka a ƙwaƙwalwa, farfaɗiya ta biyo baya. Aka ɗora ka kan magani. Faɗuwa ta tsaya, amma hali ya canja. Abu kaɗan ka hau faɗa, ka manta raka'a, ka zauna kana hawaye ba dalili. Wata rana har ka jefi Hajaratu da kwanon fura.

Nan bakuna suka buɗe. Da yake cikin Maguzawa aka haife ka kafin ka musulunta, aka ce iskokin gidanku ne suka biyo ka. Waɗanda suka tsufa a sahu ɗaya da kai suka daina hawa tabarmarka. Wannan ya ci mini rai, har yau yana ci. Ban ce faɗan bai yi musu zafi ba, ya yi. Amma ko mutum ɗaya bai tambayi abin da kake sha ba.

Hajaratu ta ce ka taɓa tambayarta, "Ɗiyata, mi ya fi miki sauƙi, in bar maganin in faɗi gabanki, ko in sha in ɓata miki?"

Ta ce, "Sha, Baba. Kwano ba ya ciwo."

Ita ta kai wa likita maganar. Ya ce ƙarin na taɓa hali, maganin ma haka, ya sauya wani. Fushin ya lafa, sai dai tunani ya yi nauyi, mutane kuma sun riga sun janye.

Mutanen Damari, mara lafiya kuka gani, ba wanda ya koma Maguzanci ba. Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya sa jinyar ta zama kaffara. Hajaratu, Allah Ya ba ki haƙuri, ke da sauran gida.

Abin da na iya adanawa saƙon muryarka biyu ne a waya. Ɗaya kana zagina, ɗaya kana neman gafarata. Na biyun ne kai. Na farkon ma ban goge ba.