Garuruwa Uku a Bakin Kogi

Shekarar da Inna, kakata ta wajen uwa, ta zo Manchester aikin ido, muna zaune a wani ɗan tsukukun gida a unguwar Gorton. Lokacin sanyi ne, tun la'asar gari yake rufewa. Da mun idar da magariba sai ta ja kujera gaban wutar gas ɗin falo ta miƙa tafukanta, ni da yayata Bilkisu mu baje a kan kafet. Harshen wutar shuɗi ne, ba hayaƙi, ba ƙamshin itace, yayyafi kuma yana ta shafar taga. Hausarmu gurguwa ce a lokacin, don haka takan ja magana a hankali, har muryarta ta riƙa zuwa mini kamar daga nesa.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa, ta garuruwa uku a bakin kogi ɗaya. Kowane gari yana da alkawarin da kakanni suka ɗaura, wanda ko sarki bai isa ya tsallake ba. Garin farko sun sha wuya a hannun mai mulkin da ke kafa doka da safe ya sauya ta da yamma, sai suka ce kowane alƙali, ko na ƙauye ne, yana iya ƙin aiki da dokar da ta saɓa alkawari. A gari na biyu alƙalan ne suka taya azzalumi cin zali, sai mutane suka zaɓi dattawa bakwai, suka ba su gindin tsamiya, ba su da aiki sai auna doka. Na uku kuwa sun amince da taron wakilansu. Iyakar ikon alƙali shi ne ya ce doka ta karkace, a bar kunya ta sa wakilan su gyara ta.

Wata rana Bilkisu ta tambaye ta wane gari ne ya fi wayo. Inna ta juyo daga kallon wutar ta ce:

"'Yar nan, wanda maciji ya sara a ƙafa ba ya ɗaure hannu. Kowa inda aka cije shi yake karewa."

Yau ina koyar da shari'a a wata jami'a a Birmingham. Ɗalibai kan tambaye ni me ya sa kotun Amurka ke iya soke doka, Jamus ta ware wa aikin kotu ta musamman, a nan kuma majalisa ke da maganar ƙarshe. Nakan amsa da tarihin tsoron kowace ƙasa.

Sai bayan rasuwar Inna mahaifiyata ta gaya mini cewa a zamanin mulkin soja a can gida an tsare kakana, mijin Inna, ba tare da tuhuma ba. Wata da watanni Inna tana sintiri a kotu, har alƙali ya faɗa mata, kansa a sunkuye, cewa doka ta hana shi sauraron ƙarar. A tsare kakan nawa ya rasu.

A ranar na gane abin da take yi a gaban wutar nan. Zagaya garuruwan nan take yi, waɗanda da a can aka kama mijinta, da ta sami wanda zai ce mata, "Zauna, Hajiya, muna jin ki."