Hamajoɗa da Bindigar da Take Kuskure

Ina sanar da ɗaukacin zabin da ke kiwo tsakanin Vinikilang da gindin dutsen Bagale, da kurciyoyi da 'yan zomayen da suka rage, cewa daga yanzu suna iya cin abincinsu a natse. Mutumin da ya koya wa samarin yankin yadda ake kai su tukunya ya tafi. Ko da yake, in za a yi adalci, ya fi shekara goma bai tayar wa ko ɗayansu hankali ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malam Hamajoɗa maharbi rasuwa ranar Laraba, 16 ga Afrilu, 2025, a gidansa da ke Vinikilang, bayan ya sha jinyar ƙirji. An binne shi bayan la'asar.

Hamma, ba uwarmu ɗaya ba, amma tun muna yara haka nake kiranka, wato yayana, kuma ba yau zan sake ba. Sana'arka ba harbi kaɗai ba ce. Kai ne kake zaɓa wa sabon maharbi bindigarsa ta farko. Saurayi ya zo yana neman babba mai babban harsashi, irin wadda in ta yi tsawa a Girei za a ji a Damilu. Sai ka dafa kafaɗarsa, ka matsa kamar mai tayin rago, ka miƙa masa ƙarama. Kana cewa bindigar da ta fi ƙarfin kafaɗar yaro, abin da take koya masa kawai shi ne runtse ido kafin ya ja kunama. Masu son madubi a kan bindiga kuwa ka fi ba su haushi. A ganinka madubi yana jawo maka abu ɗaya kusa ne ya ɓoye maka sauran dajin, don haka kowa sai ya fara da saitin ƙarfe: tsaga a baya, ɗan ƙusa a hanci, ido biyu a buɗe.

Duk wanda ya koya a hannunka ya san Goggo, tsohuwar bindigar da ka gada wajen mahaifinka, mai mariƙi a ƙasa wanda ake turawa gaba a dawo da shi, ta tofar da kwanso ta ɗauki sabon harsashi. Harsashinta ƙarami ne, ba ta shuri. Da ita kake gwada yara. Ɗana Usaid ma da ita ya fara, bayan na gama yi masa dogon bayani a kan amfanin karatu, ya saurare ni cikin ladabi, ya haye gada daga Jimeta ya tafi wurinka.

Sai ƙarshen 2014 ya zo, Mubi ta faɗa hannun Boko Haram. Wanda ya zauna a Jimeta a makonnin nan ba ya buƙatar tuni. Mutane suna ta kwararowa ta kan gada da katifu a ka, masallatai da coci-coci sun cika, kowane gida ya zama masauki. Mai gudu bai san ina ya fi ba, mai zama bai san me yake jira ba. Abokinka Nwachukwu, mai shagon kayan babur a kasuwar Jimeta, ya sa iyalinsa a mota zuwa kudu, shi ya zauna yana gadin tayoyi.

Da aka ce maharba za su tafi yaƙin ƙwato Mubi, shugabannin ƙungiyarku suka ɗora maka tantance samari. Aka kafa gwangwanin tumatir a kan kututture a bakin kogi. Wanda ya same shi da Goggo ya hau mota, wanda ya kuskure ya koma gida. Usaid yana da shekara sha tara, kuma na yi iya yina ya ƙi saurarata. Na tsaya a bayan taro ina roƙon abin da uba ba ya roƙa wa ɗansa, wato ya ji kunya a gaban jama'a.

Ya kuwa ji. Yaron da ke sauko da kurciya daga kan giginya ya harba, ƙasa ta tashi can gefe. Ka karɓi bindigar, ka goge ta da gefen rigarka kamar yadda kake yi bayan kowane mai harbi, ka ce, "Je ka gida, ɗan Malam. Gwangwanin ya yafe maka." Haka wasu ƙwararrun yara suka yi ta kuskurewa, wasu kuma suna samu. Cikin waɗanda suka samu akwai Bakari, wanda ya fi kowa hannu. Ya tafi, bai dawo ba.

Bayan ƙura ta lafa, waɗanda suka kuskure suka yanke hukunci: idonka ya mutu, Goggo ta rikice da tsufa. Samari suka daina zuwa, suka koma sayen madubi a kasuwa. Usaid ya rage gaisuwarka zuwa ɗaga hannu daga nesa. Ni kuma, da ba na barin magana ta wuce ni, na naɗa ka Sarkin Kuskure a kan bencin Nwachukwu, sunan ya bi ka har masallaci. Kana murmushi ka ce, "Malam, ai sarauta ce, na karɓa." Dajin ma ya rufe maka, da farko saboda masu tayar da ƙayar baya, daga baya saboda masu satar mutane. Ka koma zama a bencin nan kana kallon Bagale daga tsallake, kamar mutumin da aka kulle a waje da gidansa.

Abu ɗaya ne ba ka fasa ba. Duk farkon damina kana zuwa gidan mahaifiyar Bakari ka gyara mata danga da rufi. Na taɓa raka ka. Ta kawo mana ruwa tana sa maka albarka, tana cewa kai ka koya wa ɗanta harbi, shi ya sa ranar gwaji bai ji kunya ba. Na ga ka ajiye kwanon ba ka sha ba. Na ɗauka zafin rana ne.

Ranar addu'ar uku Nwachukwu ya ja ni gefe, idonsa ja, ya yi mini magana da Hausarsa ta kasuwa.

"Malam, bindiga ɗin bai tsufa ba. Ni ne na sassauta masa ƙarfen baya da filaya, kafin ranar gwangwani. In Oga yana goge shi da riga, yana tura shi da babban yatsa. Yaro da ba ya so ya tafi, sai ya tura gefe."

Na ce, "To me ya sa bai tura wa kowa ba?"

"In duka sun kuskure, za a kawo wani bindiga, a kwashe duka. Dole wasu su samu."

Na shiga wurin Adda Zulaihatu, matarka, na tambaye ta. Ta ce haka ne. Ƙanana da waɗanda su kaɗai iyayensu suka haifa ka tura wa gefe. Bakari kuwa, da ya kuskure babu wanda zai yarda. Ta ce ka hana a faɗa muddin uwarsa tana da rai, don kada ta ji cewa da ɗan motsin yatsa da ɗanta yana gida. Tsohuwar ta rasu bara, kai kuma zuwa lokacin ka saba da shirun. Da izinin Adda nake rubuta wannan.

Na gaya wa Usaid. Washegari ya ɗauki 'yarsa Yusrah, ya haye gada, ya roƙa a nuna masa Goggo. Ya sa yatsa a kan ƙarfen, ya zame. Ya mayar da shi tsakiya, ya daɗe a zaune da ita a cinya, yarinyar tana tambayarsa me ya shiga masa ido.

Allah ya jiƙan ka, Hamma. Ya sauke maka nauyin zaɓen da aka ɗora maka ba ka nema ba, ya yalwata maka kabari fiye da dajin da aka hana ka, ya haɗa ka da Bakari a inda babu mai tambayar wani dalili. Ina miƙa ta'aziyya ga Adda Zulaihatu da 'ya'ya da jikoki, da maharban Vinikilang, da Nwachukwu wanda bencinsa ya yi masa faɗi. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Sarautar nan da na ba ka kuma, na karɓe abata. Ni na yi kuskure, Hamma. Kai ka sami abin da ka auna.