Wa Zai Ɗauki Jakar Baba?

Shekara arba'in Babana yana hawa jiragen ruwa a tashar Jidda, bai taɓa hawa wanda ya tafi da shi ba. Ɗan dako ne. Ya hau hannu wofi ya sauko da buhun shinkafa, ko ya hau da akwatunan alhazai ya sauko hannu wofi, jirgi ya yi ƙugi ya tafi, shi kuma ya share gumi ya dawo gida unguwar Karantina. Kakana ne ya ƙetare ruwa, daga Sawakin ta ƙasar Sudan, cikin jirgin katako, kuma labarin nan mun sha shi har mun haddace. Duk sanda aka ɗauko zancen sai Baba ya ce, "Ni na ga cikin jirgi dubu, ban ga tsakiyar teku ba." Yana faɗa yana dariya, amma ni na san dariyar ba ta kai ciki ba.

Ni malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata. Shekarar da na ajiye aiki, wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wata irin tafiya. Ashe manyan jiragen yawon shaƙatawa su ma suna cin rani. In sanyi ya fara shiga Turai, sai kamfanoni su kwashe su zuwa ƙasashen zafi a ɗaya gefen tekun Atlantika, kuma maimakon su tafi wayam, sai a ɗebi fasinja da rahusa. Kusan mako biyu, yawancinsa ba tsayawa, ruwa gaba ruwa baya. Ta ce mutane da yawa ba sa so, wai gundura. Na ce a raina, ai wannan gundurar ita tsohona ya shekara arba'in yana nema.

Sai na hau bincike, ni da ba a raba ni da jadawali. Na ja layi a takarda na jera kamfanoni uku. Na farko jirginsu kamar kasuwa ranar salla, kiɗa ko'ina, da wurin zamiyar yara a sama. Na biyu na masu ji da kai ne, wai akwai ranakun da ba ka shiga ɗakin cin abinci sai da kwat. Na uku ba shi da hayaniya, suna tanadar abincin halal in ka sanar da wuri, ga baranda da ta zagaye jirgin, inda mutum zai yi ta tafiya yana kallon ruwa. Sati guda na yi ina karanta ra'ayoyin waɗanda suka taɓa hawa kafin na gano cewa ɗakin da ke tsakiyar jirgi, can ƙasa-ƙasa, shi ne ba ya jijjiga mutum. Na zo da fahariyata na shimfiɗa wa Baba takardar a kan tabarma.

Ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Nuna min su a jawwal." Na buɗe masa hoton na farko a wayar. Ya ce, "Buɗe min hancinsa." Na ja hoton da yatsu biyu. Ya taɓe baki. "Wannan bene ne aka ɗora a kan faranti. Wuce." Na biyu ya ce ba laifi, amma shi ba zai sa rigar da za ta shaƙe shi don cin shinkafa ba. Da muka zo na uku ya daɗe yana kallo, ya ce hancinsa dogo ne, zai yanka ruwa, kuma dubi bakin ramin anga, ƙarfen tsayar da jirgi, ba tsatsa, masu shi suna kula da shi. Sannan ya ƙara da cewa, "Ki kama mana ɗaki a tsakiya, ƙasa-ƙasa." Wallahi kamar in yi kuka. Abin da na yi sati ina haƙa, ya faɗe shi yana sakace haƙori.

Rigima ta farko a kan jaka ce. Na ce masa a tashar can za a karɓi kayanmu, sai dai mu tarar da su a ƙofar ɗaki.

"Wa zai karɓa?"

"'Yan dako mana, Baba."

"Ina raye?"

Wannan mutum, yana dab da tamanin, ko tukunyar gas ba ya yarda a hau masa bene da ita. Na ce to, in mun je ma gani. Na bar zancen na shiga hidimar biza da takardar likita, wanda ya duba shi ya ce bana dai zai iya tafiya, baɗi kuwa sai abin da Allah ya yi.

Sai da komai ya kammala, tikiti a hannu, saura wata guda mu tashi zuwa Barsalona inda jirgin yake, Baba ya kira ni bayan la'asar ya ce, "Gobe za mu fara zagayen neman gafara."

Haka mutanenmu suke yi tun zamanin kakanni. Mai ƙetare teku ba ya sa ƙafa a jirgi sai ya bi maƙwabta da abokan zama ɗaya bayan ɗaya ya ce a yafe masa. Kakana ya yi, kuma Baba ya ce shi ma ba zai hau ba sai ya yi, ko mutum ɗaya ya rage ya fasa. Da a dā ne ai da sauƙi, lungu uku ne a Karantina, ka gama kafin magariba har an cika ka da shayi. Amma an rushe unguwar, mu mun koma Sharafiyya, sauran kowa ya kama gabansa. Wasu arewacin gari, wasu Makka, wasu sun koma Kano ko Sudan.

Na ce, "Baba, ai akwai zauren 'yan unguwa a waya. Ka yi magana sau ɗaya, kowa ya ji, halas, shi ke nan."

Ya dube ni kamar na zubar masa da shayi. "Gafara ba a watsa ta kamar tsabar kaji. Sai ido ya ga ido."

Jirgin nan sau ɗaya yake wannan ƙetarawa a shekara, ba ya jiran kowa, ga kuma abin da likita ya ce. Don haka na ɗauki makullin mota. Mako uku ina tuƙi, ina masifa, ina neman wurin ajiye mota. Mu hau bene hawa huɗu don tsohuwa ta ce, "Haba Alhaji, me ka yi min? Na yafe duniya da lahira," sannan ta riƙe mu awa biyu da labarin jikokinta. Waɗanda suka bar ƙasar ya yarda a kira su ta bidiyo, tunda ido na ganin ido. Waɗanda suka rasu muka je wa 'ya'yansu. Ina gunaguni, amma in faɗi gaskiya, na ga mutanen da na yi zaton ba zan sake gani ba, kuma na ci wainar da rabona da irinta tun Innarmu na da rai.

Ranar da na ce alhamdulillahi mun gama, sai Baba ya ce, "Saura ɗaya."

Na san wa yake nufi. Abokin dakonsa ne, wanda muke kira Baffa tun muna yara. Tare suka fara aiki a tasha, kwano ɗaya suke ci. Da aka naɗa Baba rayyis, wato shugaban ayarinsu, wata rana ya ga Baffa yana jan ƙafa da buhu, sai ya daka masa tsawa a gaban kowa ya kira shi rago. Baffa ya sauke buhun a hankali ya fita, bai sake komawa tasha ba. Daga baya Baba ya ji cewa ciwon baya ne ya kama shi, yake ɓoyewa kada a sallame shi. Girman kai ya hana Baba zuwa, shekara ta bi shekara, fiye da ashirin ba sa ga maciji.

Ba wanda ya san inda ya koma. Na tambaya har bakina ya gaji, sai wata mai sayar da dakuwa a nan Sharafiyya ta ce yana wurin 'yarsa, can gabas bayan babban titi. Saura kwana huɗu mu tashi muka je. 'Yar ta buɗe ƙofa, ta gaishe mu, ta shiga ciki, ta dawo idonta a ƙasa ta ce yana barci. Muna jin tarinsa daga inda muke tsaye.

Muka juyo muka hau mota. Da muka isa gida Baba ya ce, "Ki kwance kayan." Na ce wane kaya? Ya ce Allah bai nufa ba, ni in tafi ni kaɗai in ba shi labari. Nan fa na fashe. Na ce tsofaffi biyu sun haɗu za su kashe ni da taurin kai, na ce ni teku ba ta dame ni ba, ko yawon kwalekwale aka kai ni a gaɓar Abhur amai nake yi. Ya bar ni na gama, ya ɗauki butarsa ya tafi alwala.

Washegari da hantsi na koma ni kaɗai. 'Yar na buɗewa na ce, "Ƙanwata, yi haƙuri, yau ko barci yake zan zauna har ya tashi." Na tarar da shi jingine da matasai uku, ya rame, amma idanun suna nan. Na durƙusa na gaishe shi. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu, sai kawai na ce, "Baffa, abokinka zai mutu bai ga tsakiyar teku ba, kuma a hannunka abin yake." Na faɗa masa komai, har maganar likita.

Ya gyara zama a jikin matasan. Can ya ce, "Wane jirgi ne?"

Na miƙa masa wayar. Ya kai ta kusa da ido, ya ce, "Buɗe min hancinsa."

Dariya ta ƙwace min, hawaye na bin ta. Ya duba, ya duba, ya gyaɗa kai. "Shi ya zaɓa, ko? Mugun ya san jirgi." Ya miƙo min wayar. "Yalla, je ki kawo shi."

Ban taɓa ganin Baba ya durƙusa wa wani ba sai ranar. Ya cire hula ya ce, "Na kira ka da sunan da ba naka ba, a gaban mutane, kuma na sani tuntuni. Ka yafe min." Baffa ya bar shi a durƙushe har sai da na fara jin haushi. Sannan ya ce ya yafe, amma da sharaɗi.

"Mu biyun nan mun ɗauki kayan duniya a tashar can. Bayana ya tafi a kai. In ka je hawa jirgin nan, kada ka ɗauki ko tsinke. Ka bar wani ya ɗaukar maka, ka hau kamar alhazan da muke gani. Ka yi min wannan."

Baba ya buɗe baki zai yi gardama, Baffa ya ce, "In ba haka ba na janye." Suka kwashe da dariya, suka riƙe hannun juna, daga nan kuma ba wanda ya sake bi ta kaina. Sai da aka kira azahar na samu na raba su.

A tashar Barsalona jirgin ya fi yadda na zata girma nesa ba kusa ba. Muna sauka daga tasi wani ɗan dako mai furfura ya turo amalankensa ya miƙo hannu. Na ga yatsun Baba sun ƙara damƙe hannun jakar. Na kau da kai. Mutumin ya yi magana da yarensu, Baba ya amsa masa da Hausa, "To, bismilla," ya saki. Da mutumin ya sunkuya zai ɗaga, Baba ya taɓa kafaɗarsa, ya nuna masa gwiwa, ya nuna baya ya girgiza kai, wato ya lanƙwasa gwiwa kada ya ɗaga da baya. Mutumin ya yi murmushi ya gyara tsayuwa.

Muka bi layi, aka duba takardunmu, muka hau gadar shiga jirgi. Baba yana gaba cikin farar jallabiyarsa, ya rasa yadda zai yi da hannayensa. Ya sa su a aljihu, ya fitar, ya goya su a baya. Ni kuwa ina biye ina jin kamar in rangaɗa guɗa, Turawa su yi ta kallo in sun ga dama. A tsakiyar gadar ya tsaya cak, ya juyo, ya ware tafukansa biyu.

"Ɗauke ni hoto ki tura wa 'yarsa. Ki tabbata hannayen sun fito."

Na ɗauka na tura. Ba mu kai ƙofar ɗakinmu ba, inda jakar ke zaune tana jiranmu, saƙon murya ya shigo. Na kunna na kara masa a kunne. Muryar Baffa ce, tana rawa don dariya: "Jama'a, ku zo ku ga rago!"

Baba ya dafa bango ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi, kuma ya tsaya ya jira na ɗauko masa.