Waƙar Uwar Amarya

Har yau ban manta da Asabar ɗin da maigidana ya fara tura ni biki ni kaɗai ba. Shekara uku ina ɗaukar lasifika da jan waya a shagonsa na Kaura Namoda kafin ya yarda in zauna gaban na'ura. Sharaɗinsa ɗaya ne: in ƙorafi ya biyo ni, in koma dakon kaya.

Bikin na wasu Fulani ne a gefen Kasuwar Daji. Ƙa'idar aikinmu, kwana uku kafin biki kana karɓar sunayen dangi, ka kai wa mawaƙin situdiyo ya jera su cikin waƙa. Ni kuwa da nake jin na fi kowa wayewa, na sa aka yi wa uwar amarya, Inna Hajo, baiti guda ita kaɗai, ana kiranta ta fito ta taka wa 'yarta.

Bayan la'asar mata sun cika tsakar gida, na saki waƙar, na ƙure sauti, na harɗe hannu ina jiran yabo. Baitin na zuwa, Inna Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki. Rawa ta tsaya cak.

Goggon amarya ta tako har gabana.

"Malam mai kiɗi, wa ya aike ka? Yarinyag ga ɗiyar fari ta. Ko sunanta uwar ba ta faɗi, kai kana kiran ta rawa gaban surukai?"

Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta, don har na hango kaina da lasifika a ka. Na ba da haƙuri, na sa kalangu zalla marar suna, goggo da kanta ta buɗe fili.

Ina naɗe waya sai ga goggon ta dawo, ta miƙo mini wata ƙaramar waya a ɓoye.

"Hajo ta ce ka tura mata waƙan nan. Wadda anka ambace ta. Kuma kak kowa ya ji."

Ƙorafi bai je shago ba. Tun ranar, kafin in tambayi mutane waƙar da suke so, sai na tambayi wadda za su iya ji a gaban jama'a. Wadda suke so ɗin, a waya nake tura musu.