Baba Zungu da Ɗakin da Ke Yawo

Ƙarfe bakwai saura kwata motar haya take sauke Baba Velaphi Zungu a ƙofar ofishin ƙaramar hukumarmu, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan ba direban da ke tambayarsa inda zai sauka. Kwat ɗinsa ruwan ƙasa ce, gwiwar hannun ta sha faci. Aljihu ɗaya tef ɗin awo, ɗayan fensir biyu da yake fiƙewa da wuƙa. A leda kuma tuwon masara da kindirmo, abincin ranarsa tun muna 'yan mata. Litinin da Juma'a yana zaune a tagar karɓar ƙorafi yana shan zagi. Sauran kwanakin yana bisa ƙafa gida gida yana awo, karnuka na raka shi da haushi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma na san ba mai yanka masa ko akuya, don ba wanda ke ƙaunar mutumin da ke sa wa gidansa farashi saboda haraji. Ni ma na daɗe ba na ƙaunarsa, shi ya sa nake ganin ni ya kamata in yi wannan magana.

Aikin nasa ba wuyar ganewa, haɗiyewa ne da wuya. Hukuma tana ƙiyasta abin da gidanka zai yi a kasuwa, ta yanki ɗan kaso a kai, ta raba maka shi wata goma sha biyu. Na sha jin sa yana yi wa mutane bayani a tagar nan ba tare da ya ɗaga murya ba. "Mama, ba bulo kaɗai nake aunawa ba, har da inda bulon ya zauna. Gidanki mai ɗaki huɗu a nan lokishi, unguwarmu ta talakawa, ki ɗauke shi ki dasa a Kan Tudu wajen masu kuɗi, kuɗinsa ya ninka huɗu, harajinsa ma haka. Ki tsallaka rafi da shi ƙasar sarki, ba mai aiko miki takarda, amma ba mai zuwa kwashe miki shara." Wani mai shagon taya ya taɓa buga masa tebur, wai me suke biya wa haraji alhali titinsu ya zama rijiyoyi. Baba Zungu ya ce, "Ɗan'uwa, gaskiyarka, jiya ni ma na faɗa ɗaya. Amma ramin titi taga ta shida ne. Ni nawa shi ne kada a karɓi kwabo fiye da abin da ya hau kanka."

Ni MaNgidi ce, ɗinki nake yi, kuma a shagona ake ajiye tantuna uku na ƙungiyar jana'izarmu ta mata. In an yi rashi, ranar Talata mukan kafa tanti a tsakar gidan, ya zauna har Asabar a yi jana'iza. Kuma mu ba ma barin rata. Manna shi muke yi da bakin rufin gida, don kada ruwan sama ya zubo wa masu zaman makoki ta tsakani. Haka muka tarar iyayenmu na yi, ba mu taɓa zaton zai zame wa wani masifa ba.

Shekarar da ta wuce waccan manya suka ce awon ƙafa ya zama tsohon yayi. Suka ba wani kamfani na babban birni kwangila, ƙaramin jirgi ya yi mako biyu a watan Mayu yana shawagi a kanmu yana ɗaukar hoto, na'ura kuma ta zagaye duk abin da ya yi kama da rufi ta lissafa shi gini. Baba Zungu aka ce ya zauna a tagarsa ya huta. A watan Fabrairu sabon farashi ya fito, aka raba takardu, aka ce mai ƙorafi ya zo da kansa ya cike fom kafin ƙarshen Maris. Wanda bai zo ba, farashin ya zauna masa shekara biyar.

Gogo MaShezi tana tsallaken layinmu. Mijinta shekara arba'in ya yi yana saran rake kafin ya mallaki gidan nan mai ɗaki huɗu, kuma jikoki biyar take riƙe da su a ciki da kuɗin tsofaffi, rand dubu biyu da 'yan kai a wata. Da can gidan bai kai adadin da ake karɓar haraji a hannun tsoho ba, ko sisi ba ta biya. Sabuwar takarda ta ce gidanta ya kai dubu ɗari huɗu da sittin, wato kusan rand ɗari huɗu da hamsin duk wata. Mun san yadda irin wannan ke ƙarewa, mun gani a layi na bakwai: a yanke wuta, lauya ya aiko takarda, wata rana a ga baƙi suna leƙa tagogi saboda an sa gidan a gwanjo. Gogo kuwa tana cikin takaba. Baƙin kaya daga kai har ƙafa na shekara guda, ba shiga taro, ba tsayawa a layi cikin maza, ba ɗaga murya. Ta cusa takardar ƙarƙashin katifa, ta ce in ta cire baƙi a watan Mayu za ta je ta ji. Ba ta gaya wa kowa ba, mu ma ba mu tambaya ba, kuma wannan laifinmu ne.

Saura kwana tara a rufe, ina kan keken ɗinki, sai ga kwat ruwan ƙasa a bakin ƙofa.

"MaNgidi, sannu da aiki. Babban tantinku, mita nawa ne?"

"Au, Baba, har tanti za ku sa wa haraji? To ku zo ku auna akwatin gawa ma, mu huta."

Ya zaro hoto ya shimfiɗa a kan yadin da nake yankawa. Gidan Gogo ne daga sama, da wani farin zaure manne da shi, ya kusa kai gidan girma. A kusurwar zauren akwai ɗan shuɗin tabo. Na san tabon nan, ni na ɗinka facin da hannuna bayan iska ta yage wurin. Makon da jirgin ya bi ta kan layinmu shi ne makon da muke zaman makokin mijinta.

Ya ce, "Sau uku na auna gidan nan da hannuna. Da na ga lambar a cikin littafi na ce sai dai in marigayi ya ci caca bai gaya mana ba. Ki duba min inda tantunanku suka kwana a makonnin nan biyu, ki tambayi sauran ƙungiyoyi ma."

Kafin yamma na haɗa masa gida goma sha huɗu: makoki goma sha ɗaya, biki biyu, sai gida ɗaya da suka yi taron buɗe dutsen kabari. Duka goma sha huɗun an ninka musu farashi, kuma biyu ne kawai suka je ƙorafi. Sauran mutane ne da baƙin ciki da kuɗin jana'iza suka durƙusar, ba su da ƙarfin buɗe ambulan ɗin hukuma.

Ya kai wa shugabansa maganar. Wata mai shara da ke kusa ta ce ta ji an gaya masa doka ta ce mai gida ne zai zo da ƙafarsa, kuma kada ya tono abin da zai kunyata waɗanda suka ba da kwangila, tunda ana duba sunansa a kujerar shugaban sashe. Baba Zungu, kai ne ka fito daga ofishin nan ka cike takardar hutu na kwana bakwai, hutun da ka tara don gyaran rufin gidanka, ka ɗebi fom ka zuba a ledar tuwonka. Kai ne ka bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya da kuɗin motarka, ana yi maka kallon mai kawo sharri, wani ma ya sakar maka kare.

Gidan Gogo tare muka je, don ba zai yi magana da mai takaba kai tsaye ba. Bai shiga ba. Ya cire hula, ya kife bokiti a gefen ƙofa ya zauna, ya mayar da fuskarsa wajen katanga. Ita tana ciki a kan tabarma, ni ina tsakani ina kai magana ina kawowa, ko da yake kowa na jin kowa.

"Ki ce masa na gode, in na cire baƙi zan zo."

"Ki ce wa Gogo ranar Alhamis za a rufe, kuma takardar hukuma ba ta san takaba ba. Amma ban zo in fito da ita ba. Ofishin ne ya zo gaisuwa."

Sai Gogo ta ce, "Tambaye shi, ɗakin da suka ce na gina, ina yake? Ko jikokina sa samu wurin kwana."

"Ki ce mata an naɗe shi, yana shagon MaNgidi a bayan keken ɗinki."

Gogo ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Wata goma rabon da in ji dariyarta, ni kuwa sai ga hawaye. Ya ajiye fom a ƙasa, na ɗauka na miƙa mata, ta dangwala yatsa. Sannan ya zagaye gidan da tef, ina riƙe da bakin tef ɗin, ya rubuta abin da ya rubuta shekarun baya, ba ƙari ko taku ɗaya.

Gida goma sha uku suka shiga kafin a rufe. Na goma sha huɗun, mai shi yana aikin ma'adinai a arewa, an yi ta kiransa bai ɗauka ba, ya dawo bayan kwana shida da rufewa. Har yau yana biyan harajin tantin bikin 'yarsa, kuma har yau in an ambaci gidan Baba Zungu sai ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi kuskuren.

Ranar da kwamitin duba ƙorafi ya zauna, kamfani ya turo wani mai ƙamshin turare da allo a hannu, ya ce na'urarsu ba ta kuskure, mutanen lokishi dai sun saba yin gini ba izini su rushe in sun ji za a zo. Na miƙe zan ba shi amsa, Baba Zungu ya yi min alama in zauna. Ya roƙi kwamiti su leƙa waje. Mu mata takwas mun riga mun kafa tantin a wurin ajiye motoci, da shuɗin facinsa. Ya auna a gabansu, mita tara da shida. Ya jera hotunan a kan motar shugaban kwamiti, ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi wannan, tara da shida. Wannan ma tara da shida. Ko dai mutanen nan sun haɗa baki sun gina ɗaki iri ɗaya ranar da aka yi musu mutuwa, ko kuwa ɗaki ɗaya ne yake yawo." Shugaban kwamiti ya cire tabarau yana goge ido. Mai turare ya ce zai kira ofishinsu, ya tafi kiran, ba mu sake ganinsa ba.

Kada a ce na mayar da shi waliyyi, ga abin da ya yi min. Da ya rako mu mayar da tanti, ya leƙa bayan shagona ya ga ɗakuna biyu da nake bayarwa haya, waɗanda bishiyar fiya ta rufe wa jirgi. Sai na ga hannunsa ya nufi aljihu.

"Haba Baba! Bayan duk wahalar da na sha maka?"

"Riƙe min bakin tef, MaNgidi."

Rand tasa'in aka ƙara min a wata. Na yi wata guda ba na gaishe shi, in na hango kwat ɗin sai in tsallaka titi. Amma ina tsallakawa ina sane da cewa tef ɗin da ya cije ni shi ne ya ceci Gogo, kuma da zai iya kau da kai a kaina da zai iya kau da kai a kanta. Kujerar shugaban sashe kuwa wani aka ba, yaron da shi ya koya wa riƙe tef, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Manzini, Gwabini, mun gode. Baba Zungu, na kira ka da kirarin gidanku don ka san ba da wasa nake ba. Mun gode da tafiyar ƙafa, mun gode da ka san gidajenmu har ka gane ƙarya in an yi musu. Masu shigowa aikin nan a bayansa, ku yi amfani da jirginku, ba mu hana ba, amma in lamba ta yi muku nauyi a ido ku sauko ku ƙwanƙwasa ƙofa. Mu kuma maƙwabta, in mun kai wa mai takaba shayi da burodi, mu tambaye ta ko akwai takarda a ƙarƙashin katifa.

A watan Yuli takardar farko ta sabon haraji ta zo wa Gogo. Ta riga ta cire baƙi, ta tsallako shagona da kanta ta ce in karanta mata. Na ce babu ko sisi a kanta. Ta ce in sake, na sake. Ta ninke takardar ta sa a ƙirji, ta daɗe tana kallon rufin gidanta daga bakin ƙofata. Sannan ta ba ni saƙo gare ka, Baba, ga shi na isar yadda ta faɗa.

"Ki ce wa ɗan Zungu, saboda shi, in ranata ta zo a tsakar gidana za ku kafa min tanti, ba a gidan haya ba. Ku manna shi da rufi sosai yadda aka saba. Sai dai ya roƙar min manyan ofishinsu, makon makokina kada jirgi ya wuce."